Tambayar da Mai Allura Bai Yi Ba

Ƙanena, wanda duk layin teloli ke kira Mai Allura, ya yi shekara talatin da ɗaya a shago guda, ɗan ƙarami, wanda in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango da bango. Allura yake sayarwa, da zare, da zif, da maɓallai, da bel ɗin keken ɗinki, da ɗan man nan da ake ɗiga wa keke idan ya fara kuka. A kan kantarsa akwai wani gilashi mai kauri, kuma babu allurar da ta taɓa fita daga shagon ba ta bi ta kansa ba. Zai buɗe fakiti, ya zube allurai, ya mirgina kowace da ɗan yatsa yana kasa kunne. Miƙaƙƙiya shiru take tafiya. Mai ɗan lanƙwasa kuwa, irin wadda ido ba ya gani, sai ta riƙa ɗingishi tana ƙas-ƙas, sai ya jefa ta cikin wani tsohon gwangwanin madara. Teloli su yi ta tsaki a bakin ƙofa suna cewa su fa ba magani suka zo saya ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Autarsa ce ke taya shi. Shekara tara ta yi a bayan kantar nan, tun tana budurwa har ta yi aure ta haifi biyu. Bahaguwa ce, kuma ita ke naɗe kaya a takarda ta ɗaure da zare, don uban ya ce leda ba ta girmama kaya.

Sai ga Kantin Komai. Ba sunansa ke nan ba, mu muka laƙaba masa, saboda babu abin da ba ya sayarwa, daga allura har firij. Ba shi da ƙofa, ba shi da kanta, a cikin waya yake zaune. Ka danna da safe, kafin rana ta faɗi mai babur ya tsaya a ƙofarka da kwali an liƙe shi da jan salatif. Da farko teloli suka rage zuwa. Daga baya wasu suka koma wani abin da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci: su shigo su tambayi ƙanena lambar allurar da ta dace da yadi kaza, ya yi musu bayani tiryan-tiryan, su yi godiya, su fita su tsaya a gefen ƙofarsa suna danna waya. Yana ganinsu ta taga.

Ranar da ya rufe shagon, gilashin kawai ya ɗauko, ya rungume shi kamar jariri har gida. Tun rasuwar matarsa gida ɗaya muke zaune, ɗakina na kallon nasa. Ya ajiye gilashin a kan tebur, ya ce a gabana da gaban Auta, muddin yana numfashi kwali mai jan salatif ba zai ƙetare ƙofar gidan nan ba. Na ce to, Allah ya ba mu ikon jurewa, don ni ma man zafin gwiwata can ya fi sauƙin samu. Bai yi dariya ba.

Shekara guda ya yi yana zaman kujera. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma sai ka yi masa magana sau biyu kafin ya ɗago.

Wata safiya sai ga shugaban ƙungiyar teloli da mutum biyu sun yi sallama. Suka zauna suna ta kewaye-kewaye, lafiyar jiki, zafin rana, kafin shugaba ya fito da abin da ya kawo su. Kayan Kantin Komai sun ishe su. Ka yi odar allura, yau ta zo mai kyau, gobe ta zo jabu a cikin fakiti iri ɗaya. Zare ya yi ta tsinkewa, zif ya buɗe baki a jikin mai kaya a tsakiyar mutane. In ka kai ƙara, na'ura ce ke ba ka haƙuri. Sun ji akwai ƙananan shaguna a intanet, to amma wa ya san na gaskiya? Suna so ya bincika musu, ya rubuto sunayen waɗanda ya amince da su, waɗanda ba su da alaƙa da Kantin Komai. Duk sunan da ya rubuta, can ƙungiya za ta koma.

“Maganarka muke so, Mai Allura,” in ji shugaba. “Kai ba ka taɓa ba mu lanƙwasasshiya ba.”

Na so in tambaye su ina maganarsa take lokacin da suke danna waya a ƙofarsa, amma da na dubi fuskar ƙanena sai na haɗiye. Ya miƙe zaune, ya gyara wuyan riga. Shago ya tafi, jari ya tafi, abin da ya rage masa a duniya shi ne mutane su ce in Mai Allura ya faɗa haka ne. Ga shi an zo har gida ana neman abin.

Aiki ya faɗo kaina, don wayarsa mai maɓalli ce, tawa ce mai shafawa, kuma shagunan nan ba sa ɗaga kira, sai saƙo. Bayan karin kumallo mu zauna, shi yana faɗa ni ina rubutawa da yatsa ɗaya, yana mita wai kunkuru ya fi ni sauri. Jarrabawa yake yi musu. Zai ce in tambaye su wace allura ake sa wa yadi mai talewa. Zai ce in ce zarena na tsinkewa, me zan yi. Mai neman ciniki kawai zai ce sayi sabon zare, wanda ya san aiki zai fara tambayar yaushe rabonki da canja allura. Wani lokaci kuma ya ƙirƙiro lambar bel ɗin da ba a taɓa ƙerawa ba, ya ga wa zai ce akwai.

Mun sha kallo. Akwai shagon da ya sa hoton wani dattijo mai tabarau yana murmushi a bakin kanta, wai kakansu ne da ya kafa sana'ar. Kwana uku bayan haka muka ci karo da kakan nan a wani shafi yana sayar da takalma. Akwai waɗanda suka ce bel ɗin ƙarya yana nan, kala nawa muke so. Wani ya amsa komai da kyau, muka yi oda, sai ga mai babur da kwali mai jan salatif ƙiri-ƙiri. Ƙanena ya tare shi a bakin titi, ya ce ya juya da abinsa. Mun sami wani tsoho mai gaskiya, ya ci jarrabawa duka, amma a ƙarshen saƙonsa ya ce mu yi haƙuri, ƙarshen wata zai rufe. Ranar ƙanena bai ci abincin rana ba.

Wata mai ɗinkin kayan yara ce ta ba mu sunan wani ɗan shago, Zare Ɗaya, ta ce ta saya sau biyu ba ta ga aibu ba. Na aika tambayar yadi mai talewa. An daɗe ba a amsa ba, har na ɗauka sun gudu. Sai ga amsa: allura mai dunƙulallen baki, don mai tsini tana yanke zaren yadin. Na aika ta biyu. Aka ce, yaushe rabonki da canja allura, kuma kin duba ko ta zauna daidai? Da na aika lambar bel ɗin ƙarya, aka ce ba mu san wannan ba, a auno mana tsawon tsohon da igiya. Ƙanena ya bugi cinya. Ya ce wannan, ko waye, ya yi zaman shago.

Na ce, “To mu tambaye su inda suke saro kayan mana, tunda shi ne abin da aka aike ka.”

Ya yi mini wani kallo kamar na ce ya tuɓe riga a kasuwa.

“Yaya, ke ba ki taɓa riƙe shago ba. Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya tambaye ni inda nake sari, ni ma ban tambayi kowa ba. Wannan sa hannu ne a aljihun mutum. Kaya za su zo, gilashi zai faɗa mana.”

Kaya suka zo bayan kwana biyu, a naɗe cikin takarda ruwan ƙasa, an ɗaure da zare. Ya zube allurai a kan gilashi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta yi ɗingishi. Ya ja zif sama da ƙasa har na gaji da ji. Ya yi ta murmushi shi kaɗai. Ni kuwa zaren da ya kwance ya yar nake kallo, don kafin ya kwance na ga ƙullin, kuma madaukinsa hagu yake kallo. Shi kaya yake dubawa duk tsawon shekarun nan, bai taɓa duba ɗauri ba. Ni ce na sha karɓar ƙunshi daga hannun Auta bahaguwa.

Washegari na ce zan je duba jikoki. Auta na zaune a hawa na biyu na wani gida mai ɗakuna da yawa, mijinta direban babbar mota ne, wata guda yana nan wata biyu ba ya nan. Ta buɗe ƙofa, ta ga fuskata, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye komai ba. A kan teburin cin abinci ta shimfiɗa gilashin wata tsohuwar taga, gefe ga takarda an yayyanka, ga ƙwallon zare. A bayan ƙofa kuwa kwalaye ne an ninke su an jingine, tsayinsu ya kai ƙuguna, kowane da jan salatif.

Ta ce tun saƙon farko ta gane lambata, ta kuma gane tambayar ubanta. Ta yi awa guda tana riƙe da waya tana so ta ba da amsar banza don ya wuce ta, hannunta ya ƙi. Na tambaye ta me ya kai ta Kantin Komai, duk faɗin duniya. Ta ce ta fara da dilan da Baba ya yi shekara da shekaru yana sari a wurinsa, aka ce mata yanzu ba sa buɗe wa ƙananan masu saye ƙofa, duk kayansu ta Kantin Komai suke fita. Ta je wurin na biyu, an mai da wurin gidan wanki. Na uku ya ce sai dai ta ɗauki mota guda. Sai ta koma inda kowa ke komawa, tana saye, tana zubewa a gilashi, tana tsince na banza. Ta jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur ta girgiza mini, ya kusa cika.

“Goggo, abin da nake sayarwa shi ne wannan gwangwanin. Abin da ba na aika musu. Don Allah kar ki faɗa masa.”

Ban faɗa ba. Ku ce na yi laifi, na yarda. Na dawo na tarar ya rubuta Zare Ɗaya da manyan baƙaƙe a saman takarda, ya ja layi biyu a ƙasa. Sunaye uku ne a takardar, sauran biyun ma da ƙyar suka shiga. Ya kai wa ƙungiya, ya tsaya a gabansu ya ce wannan na farkon ya sa wuyansa a kai, babu hannun Kantin Komai a ciki.

Wata huɗu abin ya tafi daidai. Oda ta yi wa Auta yawa har ta sayi sabon tebur, ta mai da babbar ’yarta makarantar da ta cire ta. Teloli suka dawo gaishe da ƙanena, wasu har da ’yar tsaraba. Ya koma surutunsa, ya koma tsokanata wai gwiwata ta fi keken ɗinki buƙatar mai. Ni kuwa kullum ina fargabar ranar da zai gane.

Abin da ya tona asiri, alheri ne ya yi niyya. Wata rana da hantsi na gan shi ya naɗe gilashinsa a tsohon bargo. Ya ce ya yi tunani, Auta na zaune ba aiki, ga hannu gare ta, ga shago na mutanen kirki da ciniki ya buɗe musu. Zai kai mata gilashin, ya ce ta rubuta musu ta nemi aiki, shi zai tsaya mata. Na ce ya bari sai gobe. Na ce rana ta yi zafi. Na ce gwiwata. Ya ce ai ba goya ni zai yi ba. Na jawo mayafi na bi shi, ina ta kiran wayar Auta a hanya, ashe tana kan caji a ɗaki.

Ƙaramar jikar ce ta buɗe ƙofa. Auta na tsaye da almakashi a hannun hagu, ta farke jan salatif ɗin wani kwali ke nan.

Ya daɗe a tsaye da gilashi a ƙirji. Ya dubi kwalayen bayan ƙofa, ya dubi takarda da zare, ya dubi ƙunshin da aka gama ɗaurewa an jera, kowane da sunan telan da ya sani. Sannan ya dube ni, ya ga ban yi mamaki ba. Wannan kallon ya fi komai yi mini ciwo.

Auta ta yi masa bayanin da ta yi mini, na dila, na gidan wanki. Ta zube gwangwanin a gabansa, allurai suka watsu a kan tebur. Ta ce ya ɗauki kowane ƙunshi ya gwada, in ya sami lanƙwasasshiya ɗaya ta rufe shagon yau.

“Na san ba zan samu ba,” in ji shi. “Ni na koya miki. Amma na ce wa mutane babu hannunsu a ciki.”

“Ba ka tambaye ni ba, Baba.”

“Ba a tambaya.”

“To da ka tambaya, da ka san babu inda ya rage. Sauran biyun da ka rubuta, kana tsammanin daga sama suke samowa?”

Ya jingine gilashin a bango, ya shafa kan jikarsa, ya sauka.

Kwana uku ya rage a yi taron ƙungiya, kwana ukun nan na yi su ina roƙonsa. Na ce teloli allura mai kyau suka nema, sun samu. Na ce yarinyar nan ba ta cuci kowa ba, guminta take ci. Na ce in ba zai iya yin shiru ba, ya ce ya gaji, ya ajiye aikin kawai. Na tuna masa makarantar jikarsa. Yana zaune yana jujjuya takardar a hannu, ya ce duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma sun tambaye shi abu ɗaya ya ba su amsar da ba haka take ba, kuma yanzu ya sani. In ya yi shiru, me ya bambanta shi da masu hoton kaka?

A babban shagon shugaba ake taron, an ture kekuna gefe an jera benci. Na zauna a baya. Ƙanena ya miƙe ya faɗa musu komai, bai rage ba: kayan Zare Ɗaya daga Kantin Komai suke, mai shagon ’yarsa ce, bai sani ba sai wannan makon, laifinsa ne da bai tambaya ba. Ya ƙara da cewa kowace allura ana gwada ta kafin ta iso gare su, kuma shi bai ga wanda ke yin haka ba a duk binciken da ya yi. Ya zauna yana jiran a zage shi.

Wallahi da an zage shi da ya fi. Wani dogon tela da ake kira Ɗan Zif ya yi dariya, ya ce ashe kan wannan aka tara su, shi ya ɗauka mutuwa aka yi. Na kusa da shi ya ce, to in kayan iri ɗaya ne, me ya sa suke jiran kwana biyu da ƙarin kuɗin ɗauri? Mai ɗinkin kayan yara ta ce ba iri ɗaya ba ne, an tsince na banza, amma muryarta ba ta kai gaba ba. Shugaba ya ce an gode wa Mai Allura bisa gaskiyarsa, Allah ya ƙara girma, sai batu na gaba, gyaran rufin shago. Kafin a tashi na hango mutum uku sun sunkuyar da kai suna danna waya.

Oda ta riƙa raguwa kamar ruwa a tulu mai tsaga. Mai ɗinkin kayan yara ta riƙe har wata biyu, ita kaɗai ba ta isa ta riƙe shago ba. Da sabuwar shekarar karatu ta zo, Auta ta je babban siton Kantin Komai da ke bayan gari ta cika takarda. Suka ɗauke ta a sashen liƙe kwali. Ta ce mini akwai agogo a saman kowane tebur, kwali ya daɗe a hannunka fitila ta kunna. Ranar farko ta tsaya duba wani fakitin allura da ya buɗe, mai kula da su ya ce mata ba duba kaya aka ɗauke ta ba. Na'urar salatif ɗin ma ta masu hannun dama ce.

Tana zuwa gaishe shi ranar hutunta. Ta durƙusa, ya amsa, ya tambayi yara, ta ce lafiya. Daga nan sai su yi ta kallon bango. Akwai ɗan ja-jan salatif da ke maƙale mata a gefen farce, ba ya fita ko da sabulu, na lura idonsa ba ya zuwa wurin. Gilashin ta dawo masa da shi tun tuni, ta ce ba ta da inda za ta ajiye. Teloli ba su sake zuwa ba. In sun haɗu da shi a hanya suna gaishe shi da girmamawa sosai, Mai Allura mai gaskiya, sannan su wuce.

Makon jiya aljihun rigarsa ya yage, ya leƙo ɗakina ya ce ko ina da allurar hannu. Na buɗe akwati na miƙa masa sabon fakiti. Kwali mai jan salatif da ya zo a ciki, tun a gidan maƙwabciya na yaga shi na bar shi can. Ya koma ɗakinsa, na ji ya zube su a gilashi yana mirginawa, ta farko ƙas-ƙas, ta biyu ƙas-ƙas, ta uku shiru. Ya ɗauki ta ukun ya zura zare.

Bai tambaye ni inda na samo ba, ni ma ban faɗa ba.